Hostel, ɗakin haya ko gida: ina ya fi dacewa ɗalibin jami'a ya zauna?

Da zarar sunan ɗalibi ya fito, an biya kuɗin rajista, tambayar da ke biyo baya ita ce ta wurin kwana. Yawancin iyalai da lamba ɗaya suke yanke hukunci: nawa ne gado a hostel, nawa ne ɗaki a gari. Wannan lamba kuwa ita ce ta fi yaudara, domin kuɗin ɗaki sau ɗaya ake biya a shekara, amma kuɗin mota da na ruwa da na abinci, da sa'o'in da hanya take ci, kullum ake biyan su. Wurare huɗu ne ɗalibi a jami'o'in Arewa yake zaɓa a tsakaninsu: hostel na makaranta, ɗakin haya a unguwannin da ke kewaye da ita, hostel na 'yan kasuwa, da zama a gida ko gidan 'yan uwa ana jeka-ka-dawo.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, amma na shekarar karatu gaba ɗaya. A ɗauki takarda a rubuta kuɗin ɗaki, la'adar dillali, katifa da kayan girki, mota, ruwa, wuta, gas da abinci. Mai karɓar rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, ya tuna kuɗin kashewa da aka ware a 2024 naira 20,000 ne a wata, sai ya duba wane zaɓi ne ba zai haɗiye su tun tsakiyar wata ba.

Na biyu lokaci: minti nawa ne daga shimfiɗarka zuwa ɗakin lakca. Jami'o'i da yawa suna da ƙa'idar halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a zauna jarrabawa, kuma maki 30 zuwa 40 na kowane kwas daga gwaji da aikin gida suke fitowa. Gwajin ba-zata da ƙarfe takwas na safe ba ya jiran wanda cunkoso ya tare a hanya.

Na uku ɗorewa, wato ko wurin zai riƙe ka har ƙarshen shekara, da abin da zai faru da kuɗinka idan kalandar makaranta ta goce. Sai sauƙin rayuwa: ruwa, wuta, banɗaki, girki, da wurin da za ka zauna ka yi karatu ba hayaniya. Sai haɗari. Akwai kuma wani ma'auni da iyaye ba su cika sa shi a lissafi ba, shi ne abin da jami'a take bayarwa bayan an tashi lakca: bitar da 'yan gaba suke yi wa 'yan baya da daddare, tattaunawar rukuni, laburare, ƙungiyar sashe, wasanni, karatuttukan masallaci. Kusan duk waɗannan bayan la'asar suke gudana.

Kafin komai, a tabbatar a wace harabar sashen yake. A Jami'ar Ahmadu Bello, shari'a da harkokin mulki suna Kongo, yawancin sauran tsangayoyi suna Samaru, asibitin koyarwa kuma yana Shika. A Jami'ar Bayero akwai tsohuwar makaranta ta wajen Kabuga da sabuwa a kan titin Gwarzo, ɗaliban likitanci kuma in sun kai matakin asibiti sai su koma Asibitin Aminu Kano da ke titin Zariya. Kama ɗaki a Ɗanbare, kusa da sabuwar makaranta, alhali lakcocinka duk suna tsohuwar makaranta, biyan haya ne da kuɗin mota a lokaci guda.

Hostel na makaranta

A jami'o'in gwamnati babu abin da ya kai shi arha, kuma ruwa da wuta da masu gadi suna cikin kuɗin. Matsalar samu ce. Gadaje ba su kai yawan ɗalibai ba, saboda haka galibi 'yan ajin farko da 'yan ajin ƙarshe da masu buƙata ta musamman ake fifitawa. Ta shafin makaranta ake nema, kuma gadaje sukan ƙare jim kaɗan bayan an buɗe. Wanda yake so ya gama rajista da wuri, ya ajiye kuɗin gadon a hannu, domin idan aka ba ka gado ba ka biya cikin wa'adi ba, wani za a ba. A biya ta hanyar da makaranta ta tsara, a buga rasit, a adana kwafi biyu.

Ta fuskar lokaci ba shi da abokin takara. Ɗalibin da ke hostel ɗin Suleiman ko Danfodio ko Amina a Samaru da ƙafa zai taka zuwa aji, ya dawo ya ci abinci tsakanin lakcar safe da ta yamma, ya zauna a laburaren Kashim Ibrahim har a rufe. Idan malami ya ɗage lakca, asararsa 'yan mintuna ce. Labarin canjin ɗakin jarrabawa, da tsofaffin tambayoyi, da wanda ya fahimci darasin da ya gagari kowa, duk a hostel ake fara samun su.

Ɗorewarsa ta shekara ɗaya ce tak, badi sai ka sake nema, kuma ɗan aji biyu ko uku yakan rasa. Amma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: kuɗinsa da shekarar karatu yake tafiya, ba da watannin kalanda ba. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 kuma ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Mai gado a hostel galibi ya dawo ya ƙarasa shekararsa a gadonsa. Mai haya kuwa ya tarar wa'adi ya cika, ɗakin da bai kwana a ciki ba ana neman kuɗin sabuwar shekara.

Inda hostel yake gajiyar da mutum shi ne cunkoso. Ɗakin da aka tsara wa mutum huɗu yakan ɗauki ninkin haka, saboda kowa yana da ɗan garinsu da ya raɓa. Banɗaki na haɗaka ne, layin ruwa da safe dogo ne, kuma ba kai za ka zaɓi abokan ɗaki ba. Dabarar da ke aiki ita ce a ɗauki ɗakin wurin barci kawai, karatu a yi shi a aji ko laburare, ruwan wanka kuma a ɗebe shi tun dare a bokiti mai murfi.

Haɗarinsa uku ne. Sata ta waya da kwamfuta, wadda galibi a wurin caji take faruwa, maganinta akwati ko loka mai kwaɗo da rashin barin kaya a jone ba kowa. Gobara, wadda lissafinta a fili yake: soket na bango mai amfiya 13 ba ya ɗaukar fiye da wat 3,000 ko kusa da haka, rishon lantarki ɗaya yana cin wat 1,000 zuwa 1,500, to idan aka jona biyu da dutsen guga a kan wayar ƙari mai arha, sai ta yi zafi ta narke. Shi ya sa makarantu suke hana su, ba don mugunta ba. Na uku lafiya: sanƙarau yana yaɗuwa a ɗaki mai cunkoso lokacin zafi da ƙura, don haka a bar tagogi a buɗe, a yi rigakafi in ana yi. Kuɗin cizo kuma a tsagin gado da ɗinkin katifa yake ɓuya. Tun ranar farko a shanya katifa a rana, a kwarara tafasasshen ruwa a tsagogin gadon. Fesa fiya-fiya a rufe ɗaki a kwana a ciki ya fi kuɗin cizon illa.

Sayen gado a hannun wani ɗalibi bai kamata a sa shi cikin zaɓi ba. Sunan da ke takarda ba naka ba ne, makarantu suna ɗaukar sa laifi, kuma ranar da aka zo bincike kai za a fitar, kuɗinka kuma babu wanda za ka kai ƙara.

Ɗakin haya a wajen makaranta

Nan ne lissafi yake ruɗar mutane. Hayin Dogo, Bomo, Palladan da cikin Samaru a Zariya, ko Ɗanbare, Rimin Gata, Rijiyar Zaki da Janbulo a Kano, ko ƙauyukan da ke kewaye da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, duk tsarin ɗaya ne: kuɗin shekara a dunƙule, da la'adar dillali wadda galibi kashi 10 ce cikin 100, wani lokaci da kuɗin ajiya na gyaran abin da ka lalata. Ɗakin kuma wayam za a ba ka. Katifa, ledar ƙasa, labule, fanka, tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, bokitai da kwaɗo duk daga aljihunka. Shekarar farko ce mai tsada. Daga ta biyu kayan sun zama naka, kuma idan mutum biyu ko uku suka haɗa, kason kowa yana sauka sosai.

Abin da kake saya da wannan kuɗi shi ne natsuwa da iko da lokacinka. Za ka yi girki yadda kake so, wanda a tsawon shekara ya fi sayen abinci arha nesa ba kusa ba, musamman ga wanda ake aiko masa da shinkafa, wake, gari da manja daga gida. Kuma ɗakin naka ne shekara bayan shekara muddin kana biya, ba fargabar neman gado duk Allah Ya kawo sabuwar shekara.

Ruwa da wuta su ne ke raba ɗaki mai kyau da na wahala. Mai girki da wanki yana cin jarka biyu masu lita 25 a rana ko kusa da haka. Gidan da ba shi da rijiya ko burtsatse, wannan kuɗin 'yan garuwa ne na kullum, kuma farashin yana tashi daga Maris zuwa Mayu lokacin da rijiyoyi suke ƙafewa. Wuta kuwa a tambayi irin mita. Mai kati da kowa ya san abin da ya sha ta fi zaman lafiya. Mita ɗaya ga ɗakuna goma ita ce uwar rigima, domin mai firiji da mai kwan fitila ɗaya kuɗi ɗaya za a raba musu. A kuma tambayi rukunin layin: tun Afrilun 2024 da aka ɗaga farashin rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa sama da naira 200 kan kowane yunit, gidan da wuta ta fi zama a cikinsa shi ya fi cin kuɗi.

Kafin a biya ko sisi, a je gidan sau biyu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan isha'i, a ga hasken layin da irin mutanen da ke zama a bakinsa. A dubi ƙasan bango: tabon danshi ko fenti mai ɓarewa daga ƙasa alama ce ta ruwa yana shiga da damina. A ɗaga kai a dubi silin ko akwai tabon yoyo. A zuba ruwa a banɗaki a ga ko yana wucewa. A tambayi wani ɗan haya, ba dillali ba, ko akwai bashin wuta a gidan, da wanda yake biyan kwashe masai. Kuɗi kuma a hannun mai gida ko wakilinsa da 'yan haya suka sani za a ba, da rasit da yarjejeniya mai ranar shiga da ranar fita. Wata zamba da ake yi ita ce a nuna wa mutum uku ɗaki ɗaya a karɓi kafin alƙalami a hannun kowa.

Tsaro shi ne babban raunin wannan zaɓi, domin ɗakin haya yana wajen katangar makaranta da masu gadinta. A Satumban 2023 daga gidajen haya na Sabon Gida aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, bayan kusan mako biyu kuma aka ɗauke wasu ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma daga masaukinsu a wajen makaranta. A wuraren da ke da irin wannan barazana, arhar gidan da ke ƙarshen gari kusa da daji ba arha ba ce. Akwai kuma haɗarin cikin ɗaki: janareta a baranda rufaffiya, ko kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, hayaƙinsu yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Wani haɗarin ba a ganin sa sai sakamako ya fito. Ɗan shekara 17 da bai taɓa zama shi kaɗai ba, ba mai tashin sa, ba mai tambayar ina ya kwana, abokai kuma sun mai da ɗakinsa majalisa. Faɗuwa a kwas da sake maimaita shi kan faro ne daga irin wannan ɗaki.

Hostel na 'yan kasuwa

Wasu a cikin makaranta suke bisa yarjejeniya da ita, wasu a bakin ƙofa. Mutane kaɗan ne a ɗaki, sau da yawa da banɗaki a ciki, da burtsatse da sola ko janareta, da mai gadi da lokacin rufe ƙofa. Su ne mafi tsada a kan kowane gado, sai dai ba sayen kayan ɗaki, ba dillali. Tambayoyi biyu ne ke tona gaskiyarsu: kuɗin na shekarar karatu ne ko na wata 12, kuma awa nawa ake ba da wuta in ta gari ta ɗauke. A nemi amsar a rubuce, a kuma tambayi wanda ya kwana shekara a ciki, don hoton talla ranar da aka gama fenti aka ɗauke shi.

Gida ko gidan 'yan uwa

Ana ganin kyauta ne, to a lissafa. A ce mota biyu kake shiga zuwa, biyu dawowa, a ƙaddara kowace naira 300. Naira 1,200 ke nan a rana, 6,000 a mako, kuma zango biyu da jarrabawa sun kai makonni 36, wato naira 216,000, ban da abincin rana. Ka sa farashin unguwarku a wannan lissafi ka gani, domin tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu bai zauna wuri ɗaya ba. Lokaci ma haka: awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, a makonni 36 awa 360 ne. Kwas mai nauyin uku, wato mai awa uku a mako, lakcarsa awa 45 ce a zango. Ka ga hanya ta cinye lokacin kwas takwas.

Amma ga wanda mota ɗaya ce tsakaninsa da makaranta, ko yake da babur ko keke, gida ba shi da na biyu: abinci, wanki, kulawa in ba lafiya, kuma yajin aiki bai ci masa ko kwabo ba. Abin da zai yi yaƙi da shi aike ne. Gida ba ya ganin mai littafi a hannu a matsayin mai aiki. Maganin shi ne a mai da makaranta ofis, a fita da safe ko babu lakca, a dawo da magariba, a tafi da abinci a kula. Lokacin jarrabawa kuma a nemi izinin kwana kusa da makaranta na mako biyu zuwa uku.

Gidan kawu ko gwaggo yana da nasa sharaɗi da ba a faɗa. Kai ne za a aika, kai za ka kai yara makaranta, kuma kunya ba za ta bar ka ka ce kana da gwaji ba. Ya fi kyau iyaye su yi maganar tun farko: ga jadawalinsa, ga abin da za mu riƙa aikowa na cefane. Zaman da aka fara da "ai ɗanmu ne" ba tare da wannan magana ba, sau da yawa ba ya kai aji uku.

| Ma'auni | Hostel na makaranta | Ɗakin haya | Hostel na 'yan kasuwa | Gida |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | Kaɗan | Mai yawa | Mafi yawa | Babu |
| Kuɗin kullum | Abinci | Ruwa, wuta, gas, mota | Abinci | Mota, abincin rana |
| Zuwa aji | Da ƙafa | Gwargwadon unguwa | Kusa | Galibi da nisa |
| Ɗorewa | Shekara ɗaya | Muddin ana biya | Muddin ana biya | Har kammalawa |
| In an yi yajin aiki | Galibi ba asara | Haya tana ci | Sai yadda aka rubuta | Ba asara |
| Natsuwar karatu | Ƙaranci | Sosai | Da dama | Sai an yi da gaske |
| Babban haɗari | Sata, gobara, cuta | Tsaro, zamba | Alkawarin da ba a cika ba | Makara, aike |

Wa ya dace da wanne

Ɗan ajin farko da ya zo daga wani gari, hostel na makaranta, ko da gidansu suna da halin kama masa ɗaki. A wannan shekara yake koyon hanyoyin makaranta da mutanenta, kuma makin ajin farko shi ne harsashi: wanda ya fara da matsakaicin maki ƙasa da 2.40 cikin 5 zai sha wahala kafin ya haura 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu ta sama yake farawa.

Ɗan aji biyu da uku da bai samu gado ba, haya ta haɗin gwiwa da mutum ɗaya ko biyu da ya riga ya ga zamansu, a tazarar da ƙafa za ta iya takawa. A raba kuɗin gas da wuta tun farkon wata, kada a bari sai sun ƙare. Wanda zai tafi koyon aiki na SIWES na wata shida, ko koyon koyarwa, ya duba kalanda kafin ya sabunta hayar shekara.

Ɗaliba mace, cikin makaranta ne zaɓi na farko, sai hostel na 'yan kasuwa mai gadi da rajistar baƙi, sai gidan haya da mai gidan da iyalinsa suke zaune a ciki. Matar aure ko mai goyo, gida ko ɗakin haya mai banɗaki a ciki, domin hostel na haɗaka ba a tsara shi da jariri ba.

Mai sana'a ko aiki a gari, gida ko ɗaki a kan hanyar da ta haɗa wurin aikin da makaranta. Ɗan ajin ƙarshe mai aikin bincike a ɗakin gwaji ya koma cikin makaranta in ya samu gado, saboda malamin da ke duba aikinsa zai iya kiran sa a kowane lokaci. Wanda aikinsa rubutu ne a kwamfuta kuwa wuta ce buƙatarsa, sai ya bi duk inda ta fi zama, ko ya haɗa kuɗi da abokin ɗaki su sayi ƙaramin sola da batirin da zai riƙe kwamfuta biyu da fanka.